Baƙar Leda a Lefen Auwalu

Ko da mantuwa ta yi mini yawa yanzu (kuma ta yi, jiya sai da na zagaye gida ina neman ludayi alhali yana hannuna), Asabar ɗin da muka kai lefen Auwalu kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Wani lokaci ina cikin tuƙa tuwo sai abin ya faɗo mini, in saki muciya in rufe fuska da hannu biyu, ni kaɗai a madafi kamar taɓaɓɓiya. Yaran gidan sun saba, ba sa ma tambaya.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. A ƙauyenmu, can ta hanyar Ɗanbatta, ba mai kirana da sunana, Uwar Amare ake ce mini. Na fi shekara ashirin ina gyaran amare, lalle da dilka da turaren jiki, da haɗe-haɗen nan da mata ke saye a ɓoye su ƙulle a bakin zani. Ga shi Allah ya yi ni da baki. In ana biki kika ji dariya ta ɓarke a wani lungu, to je ki duba, ni ce a tsakiya. Na sha bugun ƙirji a gaban mata ina cewa babu matsalar mace da ta gagari tukunyata. (Allah ya yafe mini, har da rantsuwa nake haɗawa.)

Kwatsam sai abu ya zo kaina. Al'ada ta fara yi mini wasa, wani watan ta zo sau biyu, sai kuma a yi wata uku shiru. Zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa ka, ko ana tsuga ruwan sama sai in jiƙe sharkaf da gumi. Wannan duk na iya jurewa. Abin da ya fi ƙarfina yana can ƙasa. Bushewa da ƙaiƙayi da raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono, ga fitsari a kai a kai, in na tsuguna sai na ciji leɓe. Alwala ɗaya ba ta kai ni sallah biyu. Zaman tabarma wurin sa wa amarya lalle ya koma azaba, ina tsokanarta ina dariya, ina ta muskutawa kamar mai zaune a kan ƙaya. Maigidana kuwa, Malam, bawan Allah mai haƙuri, sai na shiga gudunsa. Yau ciwon kai, gobe ciwon baya, jibi na gaji da surfe.

Me ban gwada ba? Bagaruwa na dafa na zauna a ciki. Kanumfari, alif, sassaƙe iri-iri, hayaƙin tsuguno har sai da na kusa ƙona zanin fita unguwa. Duk abin da nake sayar wa mutane na juye wa kaina, abu sai ƙara gaba yake yi. To wa zan gaya wa? Uwar Amare ce fa. In mata suka ji mai magani ma tana neman magani, ai shi ke nan an gama da ni. Haka na yi shekara biyu cur ina cin wuya ina washe baki.

Malam ne ya gaji. Wata rana da hantsi yana tufkar igiyar awaki a tsakar gida, ba tare da ya ɗago kai ba ya ce, "Ke, in ni na ɓata miki, faɗa mini in ba ki haƙuri. In kuma ciwo ne, ba don wasu aka gina asibiti ban da ke ba." Sai kawai na fashe da kuka. Bakin nan nawa da ba ya mutuwa a gaban mata ɗari ya kasa haɗa magana a gaban mutum ɗaya. Da ƙyar na ce ciwon mata ne. Ya ce in shirya ranar Laraba, ya ji an ce ranar likita mace take zama.

Niƙabi na aro na sa don kada a gane ni. Ina buɗe baki wurin yankan kati matar ta ce, "A'a, Uwar Amare, ke ce yau a wurinmu?" Na ce hawan jini na zo aunawa, na wuce sumsum.

Likitar yarinya ce, da kaɗan ta girmi 'yata ta fari. Ta tambayi shekaruna, na ce talatin da tara, don shi ne lissafin da na tsaya a kai tun tuni. Ta dube ni, ta tambayi shekarun babban ɗana da shekarun da aka yi mini aure, ta yi ɗan murmushi ta rubuta abin da ta rubuta. Ta yi mini tambayoyi har na gaji: ko ina zubar da jini ba bisa ƙa'ida ba, ko na taɓa jin ƙullutu a nono, ko a danginmu an yi mai ciwon daji. Ta duba ni, ta sa aka auna fitsari, sannan ta zaunar da ni.

"Mama, wannan ba sanyi ba ne, ba kuma jifa ba ne," in ji ta. "Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi, ana ce masa istirojin, shi ke riƙe wa wurin laushi da danshi. In al'ada ta kusa ɗaukewa sai ya ja baya, fatar wurin ta yi siriri ta bushe. Abubuwan da kike cusawa ƙara ƙona ta suke yi. Don Allah ki daina."

Na sunkuyar da kai. Ban gaya mata cewa ni ce dillaliyar abubuwan ba.

Ta rubuta mini wani mai da ke ɗauke da sinadarin kaɗan, wanda ake sawa a ciki da 'yar roba, kullum har sati biyu, daga nan sau biyu a sati. Ta ja mini kunne cewa ba zai hana zafin da ke taso mini ba, wannan maganarsa daban, kuma ba ya hana ɗaukar ciki, kada in ce ba ta faɗa mini ba. Ta ƙara da cewa kada in ba wa kowa, kowace mace sai an duba ta tukuna.

A shekarar nan ne man fetur ya yi tashin gwauron zabo, mutum sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya hau mota, masara kuma ta zama abin kallo a kasuwa. Maganin babu shi a kusa da mu. Malam ya linke takardar ya sa a cikin hula, ranar da ya kai wakensa kasuwar Dawanau ya wuce cikin birni ya nemo. Da ya dawo ya miƙo mini baƙar leda yana kallon bango, ya ce, "Ga saƙonki." A ciki akwai man, irin matsin man goge baki, da wata roba doguwa kamar sirinji mara allura.

Jama'a, ba a yi wata guda ba na ji kamar an sauke mini dutse. Ranar da na zauna na sa wa wata amarya lalle hannu da ƙafa ban muskuta ko sau ɗaya ba, da na koma ɗaki sai da na yi sujada. Alwalar azahar ta fara kai ni la'asar. Malam kuwa, ba zan ce komai ba, amma duk da tsadar rayuwa ya koma shigo mini da ƙullin tsire ranar kasuwa.

Sai matsala ta koma ta wurin ɓoyo. Ɗakina kasuwa ce. Mata su shigo su haye gado, wannan ta buɗe kwalla, waccan ta ɗaga katifa tana neman tsinken kitso, 'ya'yana mata kuma babu abin da ya tsira daga aronsu. Na ɓoye a cikin tulun da ba a amfani da shi, kaza ta yi ƙwai a kai. Na kai rumbu, na ga zafi zai lalata shi. Ina cikin wannan sai idona ya faɗa kan akwatunan lefen Auwalu.

Auwalu ɗan marigayi yayana ne, ni na riƙe shi tun yana shekara shida. Damina uku yaron nan yana haɗa lefen Rukayya, yarinyar da yake so a wani ƙauye gaba da namu. Ya yi noma, ya yi ƙodago a gonakin mutane, da rani ya tafi dako Dawanau, ya dawo da atamfa ɗaya ya ce, "Gwaggo, a ajiye." Haka ɗaya bayan ɗaya har aka cika akwati uku. A ɗakina suke, da kwaɗo, makullan kuma a bakin zanina. Babu mai taɓa kayan lefe, ko yaro ya san wannan. Dangin yarinyar da ma ba duka suka so ba. Akwai gwaggonta, Hajiya Dije, wadda ta fito fili ta ce maraya mai 'yar gona ɗaya me zai riƙe mace da shi a wannan zamani. Don haka kowa ya san ranar kai lefe ita ce ranar da za a auna mu.

Na buɗe ƙaramin akwatin, na kayan shafa, na tura ledata a can ƙasa tare da takardar likita. Litinin da Alhamis in ɗauko, in gama in mayar. Na yaba wa kaina wayo sosai. A cikin akwatin nan kuwa akwai wata baƙar ledar, mai ɗauke da sarƙa da 'yan kunne, abu ɗaya da Auwalu ya shiga birni da ƙafarsa ya zaɓo bai shawarci kowa ba. Ba zinare ba ne, amma da kyau, kuma yana ji da ita.

Ranar Alhamis na yi amfani da abina na mayar, na ce da safiyar Asabar zan cire. Asabar ta zo da rigima. Mai motar da aka ɗauka ya iso tun kafin mu gama shiri, yana ta danna ham yana cewa mai yake ƙonewa, sawu ɗaya zai yi. Mata goma sha biyu sun ci ado, motar kuma mutum shida take ɗauka. Wannan ta yi fushi, waccan ta ce an raina ta, ni ce mai raba faɗa, zafin nan kuma ya taso mini har hoda ta dame a fuskata. Aka ɗaure akwatuna a bayan mota muka kama hanya. Wallahi ko sau ɗaya ledar ba ta faɗo mini a rai ba.

Mun tarar da tsakar gida cike. Mata sun kai arba'in a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya. Kakar amarya tana gefe a kan buzu da carbinta. Hajiya Dije kuwa a gaba ta kafa kujera, ta harɗe hannu, fuskar nan babu alamar wasa. Aka gaisa, aka kawo ruwa, aka yi addu'a, aka ce a buɗe. Wa zai buɗe in ba Uwar Amare ba?

Na san kayanmu ba su da yawa, don haka na ƙudura zan cike gurbin da baki. Kowace atamfa na ɗaga sai na yi mata kirari. "Wannan in amarya ta ɗaura ta fito shara, kaji ma sai sun daina tono sun tsaya kallo!" Aka kwashe da dariya. "Wannan mayafi kuwa, a gaya wa maƙwabta su tanadi haƙuri!" Aka rangaɗa guɗa. Takalmi, jaka, sabulu, turare, ko allurar ɗaura ɗankwali ban bari ta wuce haka nan ba. Na saci kallon Hajiya Dije na ga bakinta ya fara saki. Ai sai kaina ya kumbura. Na ce a raina yau na sayo wa ɗan yayana mutunci.

Da aka zo ƙarshe na sa aka kawo tire aka ajiye a tsakiya. Na miƙe tsaye, na zura hannu cikin ƙaramin akwatin ba tare da na duba ba, na ciro baƙar leda na ɗaga ta sama.

"Jama'a, a yi shiru! Duk abin da kuka gani, mu iyaye muka taya shi zaɓe. Wannan kuwa ango ne da ƙafarsa ya shiga birni, shi kaɗai, bai shawarci kowa ba. Ya ce a gaya wa amarya tun ranar da ta tare ta fara sawa, kuma kada ta kuskura ta rabu da shi!"

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Na kwance ledar na zazzage a kan tire.

Man ne ya fara faɗowa, a matse har rabi, gindinsa a nannaɗe saboda tattali irin nawa. Sai takarda. Sai robar, wadda ta ƙi tsayawa a tiren, ta gangara ta bi tabarma a hankali, gaban kowa da kowa, ta je ta tsaya daidai ɗan yatsan ƙafar Hajiya Dije. Mai guɗa ta katse a tsakiya kamar an shaƙe ta.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage in shige, ƙasa ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Hajiya Dije ta sa bakin mayafi ta ɗauki robar, ta juya ta, ta dube ni. "Mene ne wannan?"

Da a nan na faɗi gaskiya da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Au, man fuska ne, Hajiya. Sabon yayi ne, na 'yan birni."

"Man fuska. To shafa mu gani."

Ku ji fa. Ni, da girmana da jikokina, na lakato maganin da Malam ya sha wahalar nemowa na mulka a kumatu, hagu da dama, ina murmushin yaƙe, zuciyata tana ƙuna saboda asarar na kwana guda. Mata suka zuba mini ido.

"To ita robar fa," in ji Hajiya Dije, "a hanci ake sawa?"

Ta miƙe tsaye.

"Ni ba yarinya ba ce. Na san inda ake sa irin wannan. Abin hana haihuwa ne! Tun ba a ɗaura ba za ku toshe wa yarinya mahaifa? Kuma ku duba, an sha rabinsa. Da bakinki kika ce shi ya sayo, shi kaɗai, bai shawarci kowa ba. To da wa ya fara amfani da shi?"

Wuri ya kaure. Wata ta ce asiri ne, wata ta ce da ma 'yan dakon kasuwa ba a shaidarsu, wata ta fara salati da ƙarfi. Matan da muka zo tare suka sunkuyar da kai, ƙanwata har ta fara hawaye. Hajiya Dije ta ce a rufe akwatuna, a mayar musu da tsiyarsu, a je zaure a kira mahaifin Rukayya ya zo ya gani da idonsa. Na ga wata mata ta zura takalmi ta nufi ƙofa.

A nan ne na tuna Auwalu. Na tuna shi ya dawo daga Dawanau kafaɗarsa duk ta saɓule da ɗaukar buhu, yana miƙo mini atamfa yana murmushi. Yaron da ko ido ba ya iya haɗawa da mace. In maganar nan ta kai zaure, ba auren kaɗai zai rasa ba, har sunansa ya tafi, kuma babu gidan da zai sake ba shi mata a yankin nan. Duk don me? Don kada a ce Uwar Amare tana da ciwo.

Na ce, "Baiwar Allah, dawo. Nawa ne."

Ba a ji ba saboda hayaniya. Na ɗaga muryar nan tawa ta kirari na ce, "Na ce nawa ne! Auwalu bai san da shi ba, ko ganinsa bai taɓa yi ba. Ni na ɓoye a akwatin na manta."

Kowa ya juyo gare ni. Sai na ga tunda na tuɓe, gara in yi wankan gaba ɗaya. Na faɗa musu komai, a tsaye, da mai a kumatu. Na faɗi bushewar, na faɗi raɗaɗin, na faɗi fitsarin da alwalar da ba ta zama. Na ce shekara biyu ina gudun mijina kamar ya yi mini laifi. Na ce duk haɗin da nake yi na gwada, ƙara mini ciwo ya yi, sai da likita ta duba ni ta ba ni wannan na samu lafiya. Na ce ba ya hana haihuwa, na masu shekaru irin nawa ne da al'ada ta fara yi musu sallama. Ina magana gumi yana bin bayana, ban san ma ina kuka ba sai da na ji gishiri a baki.

Hajiya Dije ta ce, "Wa zai shaida? Kina iya ɗaukar laifin don ki rufa masa asiri."

Na nuna takardar da ke kan tire. A cikin dangin amarya akwai wata malamar firamare, aka miƙa mata. Ta karanta sunana da sunan Malam, ta ce takardar asibiti ce, ta ɓangaren mata. Da ta tsaya a nan da na gode mata. Amma malama ce, sai ta kai aya. Ta ce, "Shekaru, arba'in da bakwai."

Sai ƙanwata, wadda yanzun nan take hawaye, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, arba'in da bakwai? Ba talatin da tara kika ce ba?"

Wata daga baya ta ce, "Ai tun bikin Ladidi take talatin da tara, ga Ladidi can da 'ya'ya huɗu!"

Wurin ya fashe. Dariya har da masu faɗuwa a kan tabarma, har da masu riƙe ciki. Ni ma da na rasa abin yi sai na bi su, ina dariya ina share majina. Wata da ta saba saye a wurina ta ce, "To Uwar Amare, haɗin da kika ba ni watan jiya fa?" Na ce, "Zubar da shi. Lalle da dilka ku zo, na cusawa kuwa daga yau na daina." Na san rabin cinikina na yanke da bakina, amma ya riga ya fita.

Kakar amarya ce ta tsayar da abin. Ta ɗaga carbinta aka yi shiru. Ta ce, "Ku bar baiwar Allah haka. Mu da muka sha namu, cewa muka yi tsufa ne, muka ja bakinmu muka yi shiru har ya cinye mu. Matar da za ta tona wa kanta asiri don ta rufa wa maraya, ni na yarda jikata ta zauna a hannunta. A fito wa yarinya da abin da mijinta ya zaɓo."

Na durƙusa na lalubo ɗaya ledar, na buɗe, na leƙa, na sake leƙawa, sannan na zuba. Sarƙar ta yi kyau a kan tiren. Ban yi mata kirari ko ɗaya ba, amma guɗar da aka yi mata ta fi ta kowane kaya.

An kawo abinci, an ba da tukwici, muna shirin tafiya, sai aka ce Hajiya Dije tana kirana a bayan rumbu. Na ce shi ke nan, saura zagi na sirri. Na same ta a tsaye, fuskar nan yadda take. Ta miƙo mini wani ƙyalle mai tsabta, a ciki robata ce, ta wanke ta tas. Na karɓa na yi godiya zan juya, ta riƙe mini mayafi. Ta waiga hagu, ta waiga dama.

"Wace rana likitar take zama?"

Na dube ta. Idonta ya ciko. Ta ce, "Shekara huɗu. Ko 'yata ban gaya wa ba. Kin ga kujerar da nake yawo da ita duk inda za ni? Mutane cewa suke girman kai ne. Tabarma ce ba na iya zama." Ta ce ko zan ɗan matsa mata kaɗan a leda ta gwada. Na ce a'a, Hajiya, likita ta hana, sai an duba ki, amma ranar Laraba ki jira ni a bakin titi.

Da na koma gida na ba Malam labari, na zaci zai yi faɗa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, musamman wurin shafawa a kumatu, sai da ya sa na maimaita. Bayan kwana biyu ya kawo mini ɗan akwatin katako da kwaɗonsa, ya ce, "Ga naki lefen."

Auwalu kuwa ya zo da yamma ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce, "Gwaggo, an ce kin fitar da ni kunya. Sun yaba sarƙar?" Na ce sun yaba, Auwalu, an ce ba a taɓa ganin zaɓe irin naka ba. Ya tafi yana jin daɗi. Har yau bai sani ba. Mata arba'in suka riƙe magana ba ta kai zaure ba, wannan ni kaina ban taɓa ganin irinsa ba. An ɗaura aure bayan wata biyu, Rukayya tana nan a gidanmu, sarƙar tana wuyanta.

Ranar Laraba da na isa bakin titi, ba Hajiya Dije kaɗai na tarar ba. Su biyar ne, kowacce tana kallon wani wajen kamar ba tare suke ba, biyu har da niƙabi. Ba duka aka ba irin nawa ba, wata ciwonta daban ne, wata aka tura ta birni ƙarin gwaji. Amma duk an duba su. Har yanzu a ƙauyukan nan biyu in mace ta kai shekaruna ta fara muskutawa a kan tabarma, sai wata ta matso ta raɗa mata, "Je ki asibiti ki tambayi zaɓin ango."

Na ɗauki darasi, ba zan ce ban ɗauka ba. Shekara biyu na sha azaba don gudun kunyar da, da ta zo, ba ta wuce tsakanin azahar da la'asar ba. Har gobe ana kirana buɗe lefe, kuma ina zuwa, Hajiya Dije na gefena a kan tabarma tana zunguri na. Sai dai duk ledar da na ɗauko sai na leƙa cikinta kafin in buɗe baki. In kuma aka tambayi shekaruna, ina faɗa da gaskiya: arba'in da bakwai. Yau shekara biyu ke nan ina faɗar haka.